Shah Abbas: Sarkin Farisa da ya amintar wa fatake hanya, ya kasa amincewa da ƴaƴansa

A watan Satumban 2023, a taron da aka yi a birnin Riyadh na Saudiyya, hukumar UNESCO ta sanya masaukan fatake 54 na ƙasar Iran cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Gine-ginen ba na zamani ɗaya ba ne, wasu sun girmi wasu da ɗaruruwan shekaru. Amma a bakin mutanen ƙasar, kusan duk tsohon masaukin da ke bakin hanya sunan mutum ɗaya ake jingina masa, wato Shah Abbas na Farko, wanda ya mulki Farisa shekara arba'in da ɗoriya har zuwa rasuwarsa a 1629. Akwai ma labarin baka da ke cewa masauki 999 ya gina.

Mutumin Damagaram ba ya buƙatar dogon bayani kan amfanin irin wannan wuri. Unguwar Zango a Zinder daga saukar ayari ta samo sunanta, kuma garuruwa irin su Matameye, da ke kan hanyar da ta haɗa Zinder da Daura da Kano, sun san yadda kasuwa ke cika idan hanya na da lafiya, da yadda take yin fayau idan an rufe iyaka ko tsoro ya shigo. A kan wannan lissafi Shah Abbas ya gina mulkinsa. Yawancin abin da baƙo ke zuwa kallo a birnin Isfahan a yau, daga dandali zuwa gada da kasuwa da masallatai, an yi shi ne domin a jawo fatake da kuɗinsu. Sai dai sarkin da ya sa baƙo ya kwana lafiya a jeji bai taɓa sakin jiki a cikin gidansa ba, kuma wannan tsoro ya bar wa daularsa raunin da bai warke ba.

Yaron da aka aiko a kashe

An haifi Abbas ranar 27 ga Janairun 1571 a birnin Herat, wanda a yau yake cikin Afghanistan. Jika ne ga Shah Tahmasb na gidan Safawiyya, gidan da ya kafa mulki a 1501 ya kuma mayar da Shi'anci mazhabar hukuma a Farisa. Mahaifinsa, Muhammad Khudabanda, yana da ciwon ido da ya kusa makantar da shi, saboda haka ba a sa shi a lissafin masu gado ba. Abbas bai cika shekara biyu ba aka naɗa shi gwamnan Herat na jeka-na-yi-ka, aka mayar da iyayensa Shiraz, aka bar shi a hannun masu riƙo.

Ainihin ƙarfin daular a lokacin yana hannun Kizilbash, ƙabilun Turkawa mayaƙa da ake gane su da jajayen huluna. Su suka ɗora gidan Safawiyya kan mulki, su ke riƙe da larduna, kuma kowace ƙabila tana neman ɗan sarkin da za ta juya. Da Tahmasb ya rasu a 1576, ɗansa Isma'il na Biyu ya hau, ya shiga kashe ƴan'uwansa da ƴaƴansu ɗaya bayan ɗaya. Ya aika wani hafsa mai suna Ali Kuli Khan Shamlu zuwa Herat ya kashe Abbas, wanda a lokacin yake da shekara shida. Hafsan ya isa cikin watan Ramadan, sai ya jinkirta aikin saboda alfarmar watan. Kafin ya zartar, labari ya iso cewa Isma'il ya mutu a watan Nuwamban 1577. Wanda aka aiko ya yi kisa shi ya koma mai riƙon yaron.

Sarautar ta faɗa hannun mahaifin Abbas, amma mahaifiyarsa Khairun Nisa ce ke gudanar da al'amura. A 1579 manyan Kizilbash suka kutsa har cikin gida suka shaƙe ta. A ƙarshen 1586 aka kashe wansa Hamza Mirza, kuma wanzaminsa ne ya aikata. Ana cikin haka Turkawan Daular Usmaniyya ta Santambul suka shigo ta yamma suka ƙwace Tabriz a 1585, Uzbekawa kuma suka taso ta gabas. Wani hafsan, Murshid Kuli Khan, ya ƙwace Abbas daga hannun mai riƙonsa, ya tafi da shi Kazwin, babban birnin daular, aka sauke uban aka naɗa ɗan. Abbas bai cika shekara 18 ba. Murshid ya ɗauka ya sami yaron da zai riƙa juyawa, amma ba a jima ba Abbas ya sa aka kashe shi.

Sulhu mai ɗaci da sabuwar runduna

Abu na farko da sabon sarkin ya yi ya ba mutanensa kunya. Herat da Mashhad sun faɗa hannun Uzbekawa, baitulmali babu komai, kuma ba zai iya yaƙi ta fuska biyu ba. A watan Maris na 1590 ya amince da sulhun da ya bar wa Turkawa Tabriz da Shirwan da Jojiya da wasu yankunan yamma, har ya aika ɗan wansa Santambul a matsayin garkuwa. Da wannan ya sayi shekarun da yake buƙata don gyara cikin gida.

Gyaran ya fara da soja. Maimakon ya ci gaba da dogaro da Kizilbash, sai ya faɗaɗa rundunar bayin sarki, waɗanda aka kamo daga Jojiya da Armeniya da sauran yankunan Kaukasus, aka musuluntar da su, aka horar da su a fada. Ba su da ƙabila a ƙasar, ba su da ubangida sai sarki. Masu karanta tarihin Kano da Damagaram sun san irin wannan tsari na bayin sarki masu riƙe da manyan muƙamai. Ya kuma kafa rundunar ƴan bindiga da ta masu igwa. A wannan zamani ne Mai Idris Alauma na Borno shi ma ya kawo Turkawa ƴan bindiga cikin rundunarsa, kuma a 1591 bindigogin Maroko suka karya Songhai a Tondibi. Albarushi yana sauya yaƙi a ko'ina, kuma Abbas ya gane haka da wuri.

Sojan albashi kuɗi yake ci. Don haka Abbas ya riƙa karɓe larduna daga hannun hakiman Kizilbash yana mayar da su ƙarƙashin fada kai tsaye, musamman Gilan da Mazandaran da ke gaɓar Tekun Kasbiya, inda ake samar da alharini mafi yawa. Ɗaya daga cikin bayin, Allahwardi Khan, ɗan asalin Jojiya, ya zama gwamnan lardin Fars kuma babban kwamandan soja.

A 1598 aka ga amfanin haƙurin. Abbas ya karya Uzbekawa kusa da Herat, ya dawo da Mashhad. A 1603 ya juya kan Turkawa ya ƙwato Tabriz, a 1605 ya fatattaki babbar rundunarsu a Sufiyan. A 1622 ya karɓe Kandahar daga hannun sarkin Mughal na Indiya, Jahangir. A shekarar ce kuma dakarunsa, da taimakon jiragen ruwan kamfanin Ingila mai fatauci a Indiya, suka kori Turawan Fotugal daga tsibirin Hormuz, inda suka shafe sama da shekara 100 suna karɓar kuɗin fito a bakin Tekun Fasha. Tashar jiragen da ta gaji Hormuz har yau sunansa take amsawa, Bandar Abbas.

Dandalin Isfahan

A shekarar da ya ci Uzbekawa ya mayar da babban birni daga Kazwin zuwa Isfahan, a tsakiyar ƙasar, nesa da iyakar Turkawa, a bakin kogin Zayande. Sunan garin ba baƙo ba ne a zaurukan karatu na ƙasar Hausa. Shi ne Asbahan ɗin da ake danganta Abu Nu'aim mai Hilyatul Auliya da shi, kuma littattafan sira sun kawo cewa Salmanul Farisi daga wani ƙauye na yankin ya fito. Garin yana da tsohon masallacin Juma'a mai ƙubbobin da aka gina tun ƙarni na 11. Abbas bai taɓa tsohon garin ba. Ya koma kudu da shi ya shata sabon fili.

Filin shi ne dandalin Nakshe Jahan, mai tsawon kimanin mita 560 da faɗin mita 160, wanda shaguna masu hawa biyu suka kewaye. Kowace kusurwa da aikinta. Ta arewa akwai ƙofar Kaisariyya, mashigar kasuwa mai rufi da ta miƙe kusan kilomita biyu har zuwa tsohon masallacin Juma'a. A saman gefen ƙofar makaɗan fada kan buga tambura su busa ƙaho da fitowar rana da faɗuwarta, kamar yadda ake jin tambari da kakaki a ƙofar fadar sarakunan Hausa. Ta yamma akwai Ali Kapu, dogon gini mai hawa shida da ke zaman ƙofar fada, inda sarki ke karɓar jakadu. A hawa na ƙarshe akwai ɗakin da aka sassaƙa bangonsa da gurabe masu siffar tulu da kwalba, wanda masu yawon buɗe ido ke kira ɗakin kiɗa.

Ta gabas akwai masallacin Shaihu Lutfullah, wanda aka fara a 1603 aka gama a 1619. Ƙarami ne, ba shi da hasumiya ba shi da tsakar gida, domin an yi shi ne don fada. An sa masa sunan wani malami ɗan asalin Jabal Amil da ke Labanan ta yau. Ta kudu kuma babban masallaci ne, wanda aka fara a 1611, da ake kira Masallacin Shah, bayan juyin juya halin 1979 aka koma kiransa Masallacin Imam. Ƙubbarsa ta haura mita 50. Da yake dandalin bai fuskanci alƙibla ba, maginin, Ali Akbar Isfahani, ya karkata ginin daga bayan ƙofa, ta yadda mai shiga zai juya ba tare da ya lura ba ya tsinci kansa yana duban Makka. Abbas yana gaggawar ganin an gama, saboda haka a yawancin bangon aka yi amfani da tayil mai launuka da ake zanawa a gasa lokaci guda, maimakon ƴan gutsattsarin da ake yankawa a jera ɗaya bayan ɗaya. Duk da haka bai ga kammaluwar ginin ba.

Tsakiyar dandalin da rana kasuwa ce ta rumfuna, ranar biki kuma a kwashe su a yi faretin soja ko wasan ƙwallon dawaki. Ginshiƙan dutse na ragar wasan suna nan har yau a ƙarshen filin biyu. Daga bayan fada aka shimfiɗa titin Chahar Bag mai itatuwa da magudanar ruwa, wanda ya sauka zuwa kogi ya haye gadar da Allahwardi Khan ya gina a farkon shekarun 1600. Tsawonta ya kusa mita 300, kuma bakunanta 33 ne suka ba ta sunan da aka fi saninta da shi, Siyo-se-pol. Gadar Khaju da fadar Chehel Sotun, waɗanda baƙi kan haɗa su da wannan sarki, aikin tattaɓa-kunnensa ne, Abbas na Biyu.

Kimanin shekara 40 bayan rasuwar Abbas, wani Bafaranshe mai sayar da duwatsu masu daraja, Jean Chardin, ya zauna a Isfahan ya ƙirga masallatai 162, makarantu 48, gidajen wanka 273 da masaukan fatake 1,802. Tun wancan zamani ake yi wa birnin kirari da rabin duniya.

Alharini, hanya da zango

Kuɗin da aka yi waɗannan gine-gine mafi yawansu daga fatauci suka fito, kuma kan gaba a kayan fataucin shi ne ɗanyen alharini. Turai na buƙatarsa, amma hanyarsa ta ratsa ƙasar Turkawa, abokan gaba. Abbas ya nemi wasu hanyoyin ta Rasha da ta teku. A 1599 ya aika jakadansa Husaini Ali Beg zuwa Turai tare da wani Bature ɗan Ingila, Anthony Sherley, su nemo abokan yaƙi da abokan ciniki. A 1619 ya mayar da fitar da alharini haƙƙin sarki shi kaɗai.

Waɗanda suka fi kowa sanin wannan ciniki su ne Armeniyawa Kiristoci na garin Julfa da ke bakin kogin Aras. A 1604, da rundunar Turkawa ta tunkaro, Abbas ya ba da umarnin a ƙone yankin a kwashe mutanensa don kada maƙiyi ya sami abinci. Dubban mutane sun mutu a hanya, wasu a kogi wasu a sanyi. Attajiran Julfa kuwa aka kai su Isfahan, aka ba su fili a ƙetaren kogi, aka ba su rance, aka bar su da addininsu da shugabanninsu. Unguwar ita ce Sabuwar Julfa. Cikin ƙarni guda wakilan gidajen kasuwancinta sun bazu daga Amsterdam da Venice har Madras da Manila. Cocin Vank, wanda aka aza harsashinsa a 1606, yana cikin wuraren da baƙi suka fi ziyarta a Isfahan, kuma har yanzu akwai Armeniyawa a unguwar.

Kaya ba ya tafiya sai da hanya. A manyan hanyoyi an gina masauki a tazarar tafiyar yini guda ta raƙumi, kimanin kilomita 30 zuwa 40. Siffarsu kusan ɗaya ce: katanga mai kauri, ƙofa ɗaya da ake rufewa da dare, fili a tsakiya, ɗakuna a kewaye, turken dabbobi a baya, da tankin ruwa a ciki ko a kusa. Abin da madugu ke samu a wurin fatoma a zangunan ƙasar Hausa, a can hukuma da masu hannu da shuni ne suka gina shi da tubali a matsayin waƙafi. An kuma sa masu gadin hanya da ke karɓar ɗan kuɗi a kan kowane kaya, kuma idan aka yi fashi a yankin wani hakimi, shi ake bi ya nemo kayan ko ya biya. Turawan da suka ratsa ƙasar a ƙarni na 17 sun yi ta yaba amincin hanyoyinta. A Mazandaran, inda damina ke mayar da ƙasa taɓo, an shimfiɗa hanyar dutse.

Wasu daga cikin masaukan suna karɓar baƙi har yau. Zainuddin, mai siffar da'ira, a kudu da Yazd, da Maranjab a bakin hamadar gishiri kusa da Kashan, duk an mayar da su wuraren kwana. A Kerman, gwamnan Abbas mai suna Ganj Ali Khan ya gina nasa dandalin da masauki da gidan wanka, wanda yanzu gidan tarihi ne.

Amincin hanyar ne kuma ya kai baƙi ga abin da ya girmi Safawiyya da shekara 2,000. A 1618 jakadan Sifaniya, Garcia de Silva Figueroa, a kan hanyarsa ta zuwa wurin Abbas, ya tsaya a wasu kufai kusa da Shiraz da mutanen yankin ke kira gadon sarautar Jamshid, ya gane cewa su ne Persepolis, fadar da Dariyus ya fara ginawa wajen shekara ta 518 kafin haihuwar Annabi Isa, wadda Iskandar na Makidoniya ya ƙone a shekara ta 330. A 1621 wani ɗan Italiya, Pietro della Valle, ya kwafi wasu haruffan da ke jikin duwatsun ya aika Turai. A 1979 Persepolis da dandalin Isfahan suka shiga jerin UNESCO a shekara ɗaya.

Tattaki, waƙafi da takobi

A 1601 Abbas ya taka da ƙafa daga Isfahan zuwa Mashhad, tafiyar sama da kilomita 1,000 ta cikin hamada, don ziyartar kabarin Imam Rida. Ya yi hidimar share hubbaren, ya sa aka sake lulluɓe ƙubbar da zinari. Akwai ibada a ciki, akwai kuma siyasa, domin Makka da Madina, da Najaf da Karbala, duk suna hannun Turkawa a lokacin, kuma duk mai ziyarar da ya nufi Mashhad kuɗinsa a cikin ƙasa zai tsaya. A yau Mashhad ce ta fi kowane gari a Iran karɓar maziyarta.

A Ardabil, inda kabarin kakan gidansu Shaihu Safiyuddin yake, ya ba da waƙafin littattafai da tangaran na ƙasar Sin sama da guda 1,000, aka gyara musu ɗaki na musamman mai gurabe a bango. Sojojin Rasha sun kwashe littattafan da dama zuwa Saint Petersburg a 1828, yawancin tangaran ɗin da suka rage kuma suna gidan tarihi na Tehran. A fadarsa akwai malamai irin su Shaihu Baha'i, masanin fiƙihu da lissafi, da mai zane Rida Abbasi, da magatakarda Iskandar Beg Munshi, wanda ya rubuta tarihin mulkin.

Sassaucin da ya yi wa fatake Kiristoci bai kai ga kowa ba. Tsakanin 1614 da 1617 ya afka wa Kakheti a gabashin Jojiya bayan sun yi tawaye, aka kashe dubun dubatar mutane, aka kwaso sama da 100,000 zuwa Farisa. Jikokinsu na nan a Fereydunshahr, yamma da Isfahan, suna magana da harshen Jojiya. A 1624 aka azabtar da uwar sarkin Kakheti, Ketevan, har ta mutu a Shiraz saboda ta ƙi barin addininta. Ahlus Sunna ma sun ɗanɗana kuɗarsu. Da ya ci Bagadaza a watan Janairun 1624 an kashe da yawa daga cikinsu, an kuma lalata hubbaren Imam Abu Hanifa da na Shaihu Abdulƙadir Jilani, sai da Sarkin Turkawa Murad na Huɗu ya ƙwace birnin a 1638 aka gyara su.

Gidan da tsoro ya cinye

Mutanen da suka ga Abbas sun kwatanta shi da mutum mai sauƙin tufafi da dogon gashin baki, mai son yawo cikin kasuwa da dare yana hira da talakawa yana tambayar farashi. Amma abin da ya gani yana yaro bai bar shi ba. A 1593, da masanin taurarinsa ya yi hasashen cewa wani mugun abu zai sami mai mulkin Farisa, sai ya sauka daga gado na kwana uku, ya ɗora wani ɗan ɗariƙar Nuktawiyya da aka riga aka yanke wa hukunci, sannan aka kashe mutumin ya koma kujerarsa.

Shi da kansa an yi amfani da shi wajen tumɓuke mahaifinsa, don haka yake ganin kowane ɗa nasa a matsayin makamin da wani hafsa zai iya ɗauka. Ya hana a riƙa tura ƴaƴan sarki larduna su koyi mulki kamar yadda aka saba, ya tsare su a cikin gida tsakanin mata da bayi. A 1615 ya yi zargin babban ɗansa Safi Mirza, wanda jama'a ke ƙauna, da haɗa baki da wasu fadawa, ya sa aka kashe shi a garin Rasht. Marubutan zamanin sun ce ya yi nadama mai tsanani, amma nadamar ba ta hana shi maimaitawa ba. A 1621 ya sa aka makantar da ɗansa na biyu da ya rage, a 1627 aka makantar da na ƙarshen. Makaho ba ya hawa gadon sarautar Farisa.

Abbas ya rasu ranar 19 ga Janairun 1629 a fadarsa ta Mazandaran, saura kwana takwas ya cika shekara 58. Babu ɗa ko ɗaya da zai gaje shi. Jikansa, ɗan wanda ya kashe, shi ya hau da sunan Shah Safi, saurayin da bai taɓa riƙe ko gari ɗaya ba. Cikin ƴan shekaru ya kashe da yawa daga manyan da suka yi wa kakansa aiki, har da Imam Kuli Khan ɗan Allahwardi, wanda ya ci Hormuz. Tsarin da Abbas ya kafa ya riƙe daular kusan shekara 100, amma yawancin sarakunan da suka biyo baya daga kulle suka fito. A 1722 wata rundunar Afghanawa da ba ta kai ta Farisa yawa ba ta yi wa Isfahan ƙawanya sama da wata shida, yunwa ta cinye birnin, Shah Sultan Husaini ya fita ya miƙa rawani.

Abin da ya rage

Gine-ginen sun tsira daga wannan da ma abin da ya biyo baya. Barazanar da suke fuskanta yanzu daga ƙarƙashin ƙasa take. Abbas ya san ruwan Zayande ba zai ishi birnin da yake ginawa ba, har ya sa aka fara fasa dutse a Kuhrang don a karkato ruwa daga wani kogin, aikin da ya tsaya bayan rasuwarsa, sai a shekarun 1950 aka haƙa ramin da injina. A ƴan shekarun nan fari da madatsun ruwa da masana'antu da noman rani sun sa kogin kan shafe watanni a bushe, mutane na tafiya da ƙafa a ƙarƙashin bakunan gadar Allahwardi. A watan Nuwamban 2021 dubban manoma sun yi zanga-zanga a cikin busasshen kogin. Yawan zuƙe ruwan ƙasa da rijiyoyin burtsatse ya sa ƙasar Isfahan na nutsewa a hankali, kuma masana a Iran sun sha yin gargaɗi kan tsagewar da ake gani a wasu tsoffin gine-ginen birnin.

Matsalar adana kayan tarihi ba ta Iran kaɗai ba ce. Tsohon garin Agadez ya shiga jerin UNESCO a 2013, amma Birnin Zinder da fadar Sarkin Damagaram suna jerin jira tun 2006, kuma ɗan abin da ya rage na ganuwar da Sarki Tanimu ya gina a ƙarni na 19 yana raguwa da kowace damina. Masaukan Iran da suka fi zama lafiya su ne waɗanda aka sake ba su aiki, ana kwana a cikinsu ana biya, kamar yadda shagunan dandalin Isfahan ke hannun maƙera tagulla da masu sayar da darduma har yau.

Shi kuwa Abbas ba a Isfahan yake kwance ba. An kai gawarsa Kashan da niyyar ajiya ta ɗan lokaci a hubbaren Habib ibn Musa, aka bar ta a can. Kabarin baƙin dutse ne a gefen wani ɗaki cikin tsohuwar unguwa, kuma yawancin baƙin da ke zuwa Kashan kallon lambun Fin, wanda shi ma a zamaninsa aka tsara shi, sukan wuce ba su leƙa ba.